Filin Tambayoyinku: Mutumin da ke zaune a bayan ogan

Salama gare ku masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka shigo mafi yawansu akan waƙar coci ne, da masu kaɗa ta da masu shirya ta, toh na tsamo guda biyar. Wanda bai ga nashi ba ya yi haƙuri, yana nan a ajiye.

TAMBAYA: Baba Malam ina gaisuwa. Shekarata 19, ni nake kaɗa kibod a cocinmu a Tumfure nan Gombe. Wani yayanmu a kwaya yace min wai akwai babban mai kaɗa ogan ɗan Najeriya da aka haifa a Jos, har Turawa sun san da shi, ni kuma ban taɓa jin sunanshi ba. Da gaske ne? Kuma ya ake yi mutum ya kai wurin?

AMSA: Ɗana da gaske ne, yayanka bai yi maka ƙarya ba. Sunanshi Ayo Bankole, an haife shi a Jos a 1935, babanshi ne mai kaɗa ogan kuma shugaban mawaƙa a cocin Angilikan na St. Luke's da ke can Jos ɗin. Kaga kenan barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yana yaro aka kai shi Legas, ya shiga cikin yaran da ke waƙa a babban cocin Angilikan na Marina, a hannun wani dattijo T.K.E. Phillips. Shi wannan Phillips ɗin ka riƙe sunanshi, domin ya zauna a kujerar ogan ɗin cocin tun 1914 har 1962, shekara 48 kenan, Lahadi bayan Lahadi, aure da jana'iza da Kirsimeti da Ista, kuma kusan duk manyan da suka zo daga baya ta hannunshi suka bi. Da ya sauka ma ɗanshi ne ya gaje shi.

Bankole ya kuma koyi ogan a wurin Fela Sowande, wanda shima ɗalibin Phillips ne. Kada ka haɗa shi da Fela mai Afrobit fa, wannan daban ne. Sowande an haife shi a 1905, ya tafi Landan a 1934, ya kaɗa jaz don ya samu abin sawa a baki, amma a 1943 ya ci jarrabawar ƙoli ta ƙungiyar masu kaɗa ogan ta Ingila, wacce ake kira FRCO, daga baya ya zama mai kaɗa ogan a wani babban ɗakin sujada na Metodis a tsakiyar Landan. Abin da yake burge ni da shi, da ya samu wannan gwanintar bai tsaya kaɗa na Turawa kaɗai ba, waƙoƙin gida da ya ji tun yana yaro ya ɗauko ya gina musu kiɗan ogan. Ɗaya daga ciki ma sunanta Obangiji, kalmar da Yarbawa suka ara daga Ubangiji namu na Hausa. Ranar da na fara jin haka sai da tsigar jikina ta tashi.

Mu koma kan Bankole. A 1957 ya samu tallafin karatu zuwa makarantar kiɗa ta Guildhall a Landan, daga nan ya wuce jami'ar Kambirij, kwalejin Clare, a matsayin ɗalibin da aka ɗauka saboda ogan, shima ya ci FRCO ɗin nan, ya je Amurka ya karanci kiɗan al'adu, ya dawo gida a 1966 ya yi aiki a gidan rediyon tarayya, sannan ya koyar a jami'ar Legas. Ya rubuta kiɗan ogan da na fiyano da waƙoƙin kwaya da Yarbanci, kuma ya horar da kwayoyi da yawa, har da na yaran makaranta. Ƙarshenshi abin tausayi ne, an kashe shi tare da matarshi a Legas a 1976, yana da shekara 41 kacal. Da Allah ya bar shi ya kai tsufa irin na Phillips, da ba a san iyakar abin da zai bari ba.

Toh yanzu tambayarka ta biyu. Ka lura Bankole da Sowande ba a ogan suka fara ba, a layin yaran kwaya suka fara, suna waƙa da bakinsu suna jin yadda murya huɗu take haɗuwa. Yaranmu na yanzu da yawa kunnensu yana da kyau sosai, kana fara waƙa sun kamo kii ɗin, wato matakin muryar da ka ɗauko ta a kai, kafin ka gama layin farko, wannan baiwa ce kuma ban raina ta ba. Amma ka ba ɗayansu Littafin Waƙoƙi mai do re mi kace ya kaɗa layukan muryoyin tsakiya, alto da tena, yadda aka rubuta, sai ya tsaya. Kuma kii ɗaya ya iya, in an canza sai ya danna taransfos, maɓallin da ke sa kibod ya canza kii da kanshi. Ɗana ka rufe wannan maɓallin da salatif na wata shida. Ka ɗauki waƙa ɗaya da ka sani sarai ka kaɗa ta a C, gobe a G, jibi a F, har hannunka ya daina tsoron baƙaƙen maɓallai. Ka nemi tsohon kwayamasta ya koya maka solfa, wato karatun do re mi ɗin nan, a Billiri da Kaltungo da Tula har yanzu akwai su, wasu suna zaune a gida ba wanda yake zuwa wurinsu, kuma murna za su yi in ka je.

TAMBAYA: Malam sannu da aiki. Ni 'yar Zumuntar Mata ce daga Billiri. Abin da ke damuna shine wasu waƙoƙin littafi in muna rerawa da Hausa sai naji kalmomin kamar an murɗe musu wuya, amma namu na zumunta da muke yi da tulu da caki suna zama daram a baki. Laifin bakinmu ne ko na waƙar?

AMSA: Mama ba laifin bakinku bane ko kaɗan, kunnenki ne ya ji gaskiya. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Ki faɗi kuka na hawaye, sannan ki faɗi kuka ta miya, haruffan ɗaya ne amma muryar ta bambanta. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Ga kuma dogon wasali da gajere, wanda shine ƙashin bayan karin waƙar Hausa. Toh waƙoƙin littafi mafi yawa an yi muryarsu ne a Ingila ko Amurka ko Jamus don kalmomin can, da 'yan mishan suka zo, irin su SIM da suka sauka a Kaltungo a 1917, sai aka fassara kalmomin aka ɗora akan muryar da take nan tun asali. Wani wurin ya dace, wani wurin kuma inda Hausa take so ta sauka muryar ta hau, inda gaɓar take gajera sai a ja ta har numfashi ya ƙare. Ba ina zargin waɗanda suka yi aikin bane, sun yi iya ƙoƙarinsu a lokacin da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ma sai a 1932 ya fito, kuma waƙoƙin nan da su aka binne iyayenmu, ba mai raba mu da su.

Amma naku na zumunta ta wata hanya suke zuwa. Mace tana daka ko tana kan hanyar gona tana juya wata aya a ranta, maganar ce take fara fitowa, muryar kuma ta biyo yadda maganar take hawa da sauka, shiyasa take zama daram. Wannan matsalar ba mu kaɗai ta dama ba, Phillips ɗin da na ambata a sama har littafi ya rubuta akan kiɗan Yarbawa a 1953, kuma abin da ya dage a kai kenan, muryar waƙa ta bi muryar harshe.

Akwai wani kuma da nake so ki sani, Ikoli Harcourt Whyte. An haife shi a 1905 a Abonnema can ƙasar ruwa, kuturta ta kama shi yana saurayi, a 1932 aka kai shi asibitin kutare na Uzuakoli a ƙasar Ibo. A can wani likita ɗan mishan, Dokta Davey, ya ga baiwarshi ya ƙarfafa shi ya riƙa sauraron waƙoƙin mutanen ƙauye yana yin nashi da irin wannan muryar. Ibo ba harshen uwarshi bane amma da shi ya shirya waƙoƙi sama da 200, ya kafa kwaya ta marasa lafiya 'yan uwanshi, da ya warke ma bai tafi ba ya zauna tare da su, har ya rasu a haɗarin mota a 1977. Har yau ana rera waƙoƙinshi a kudu maso gabas. Dalilin da ya sa suka rayu, an rubuta su da solfa. Mu nan kuwa mata nawa ne a Tangale da Waja da ƙasar Sayawa suka shirya waƙoƙin da ake rerawa daga Gombe har Kaduna, kuma in ka tambaya ta wacece sai ace ai tsohuwar waƙa ce kawai? Wannan abin yana ci min rai Mama. Ku fara rubuta sunan mai waƙa da shekara a littafin sakatariyarku.

TAMBAYA: Malam ni Musulmi ne, gidana yana kusa da wani coci a Yelwa nan Bauchi, kuma ina karanta filinka. Meye bambancin ogan da fiyano da wannan kibod ɗin da nake gani yara suna ɗauka a kafaɗa?

AMSA: Na gode maƙwabci, ka kyauta da ka tambaya. Fiyano waya ce a ciki, in ka danna sai ƙaramar guduma ta bugi wayar, sautin ya fito ya mutu a hankali. Ogan na asali kuwa iska ce, ka ɗauke shi kamar sarewa ɗaruruwa ko dubbai an jera, wata ƙarama kamar fensir wata ta fi mutum biyu tsawo, in ka danna maɓalli iska ta shiga bututun, kuma sautin ba zai tsaya ba sai ka ɗaga yatsa, shiyasa ya dace da jan taron jama'a masu waƙa. Kafin zuwan lantarki mutum ake sawa a baya yana ta zuga iska kamar zugazugin maƙera. Mai kaɗawa yana aiki da hannu biyu akan jeri biyu ko uku na maɓallai, ƙafafunshi kuma suna taka wasu dogayen katakai wajen 30 a ƙasa, su ne ke ba da wannan kaurin da kake ji a ƙirji. Kibod kuma na'urar lantarki ce mai kwaikwayon sautin duka biyun, ita ce a kusan duk cocinmu na nan saboda ogan mai bututu tsada gare shi, ga ƙura da bushewar hunturu da ke fasa katako da fata.

TAMBAYA: Baba Malam, ɗana ya gama sakandare yace shi kiɗan coci zai karanta ya zama sana'arshi. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Gombe, na kusa ritaya, ina tsoron kada ya ƙare yana kaɗa wa mutane kyauta da yunwa a cikinshi. Akwai abinci a wannan hanyar?

AMSA: Ɗan'uwana tsoronka yana kan hanya, ba zan ɓoye maka ba. A yawancin cocinmu na nan mai kaɗa kibod da kwayamasta ba su da albashi, in an yi kirki a ba su kuɗin keke napep, alhali su ne farkon zuwa su ne ƙarshen tafiya, firaktis sau biyu ko uku a sati, ga aure ranar Asabar, ga jana'iza da ba ta sallama. Kuma wannan kukan tsoho ne. Ka buɗe Nehemiya sura 13, za ka ga mawaƙan Haikali sun watse kowa ya koma gonarshi saboda an daina ba su rabonsu, sai da Nehemiya ya tsawata wa shugabanni. A 1 Tarihi sura 25 kuma an ƙirga horarrun mawaƙa 288, wato aiki ne da aka ware mutane aka koyar da su.

Ko Bach na Jamus, wanda duk mai kaɗa ogan a duniya yake cire wa hula, bai tsira ba. Ya rayu daga 1685 zuwa 1750, shekara 27 na ƙarshe a garin Laifzig yake, yana kula da kiɗan manyan cocin garin, yana koyar da yaran makaranta, a shekarun farko kusan kowane sati sai ya rubuta sabuwar doguwar waƙa ta Lahadi, a kwafe ta da hannu a koya wa yara kafin Lahadin ta zo. Duk da haka a 1730 ya rubuta wa wani abokinshi wasiƙa yana kukan tsadar rayuwa, yana cewa albashin kaɗan ne, sauran kuɗin daga aure da jana'iza suke zuwa, in shekara ta yi lafiya mutane ba su mutu sosai ba sai samunshi ya ragu. Mutum mai iyali da yawa ne, dole ya yi wannan lissafin.

Toh shawarata, kada ka kashe mishi gwiwa, amma ka sa mishi sharaɗi ya yi karatun da gaske har ya samu takarda. Akwai sashen kiɗa a makarantar horon malamai ta tarayya da ke Pankshin, akwai a jami'ar Nsukka, akwai makarantar kiɗa ta MUSON a Legas, kuma ana rubuta jarrabawar kiɗa ta Ingila mataki-mataki a nan Najeriya. Wanda ya iya karanta nota, wato rubutun kiɗa, ya iya koyarwa yana samun aiki a makarantun kuɗi, yana koyar da yara a gida, yana aikin situdiyo, coci kuma ya zama hidimarshi ta Lahadi. Bankole da Sowande ma ai aikin rediyo da koyarwa ne ya riƙe su. Ku kuma dattawan ikilisiya da ke karanta wannan, in kun iya sayen sifika ta miliyoyi, ku iya biya wa yaron da ke zaune a bayan kibod kuɗin makaranta.

Shi kuma yaron ka faɗa mishi wannan daga gare ni. Bach ɗin nan yana ɗan shekara 20 ya taka da ƙafa wajen kilomita 400, ya fi Gombe zuwa Jos nisa sosai, don kawai ya ji wani tsohon gwani mai suna Buxtehude yana kaɗa ogan. Hutun sati huɗu aka ba shi ya yi kusan wata huɗu. Da ya dawo shugabannin coci suka zaunar da shi, kuma cikin laifin da suka karanto mishi har da cewa yana cusa baƙin sautuka a waƙar jama'a har mutane suna rikicewa. A nan kam ni ina bayan dattawan. In tsohuwar da ke benci na baya ta rasa inda za ta shiga waƙa saboda kwalliyar hannunka, ka rage. In ka ga mata suna miƙa wuya ba su kai sama ba, ka sauko da kii ɗin.

TAMBAYA: Baba, kakanmu a wani ƙauye kusa da Tafawa Ɓalewa ya shirya waƙoƙi da yawa da Hausa da Sayanci, yanzu ya tsufa sosai idonshi ma ba ya gani. Me ya kamata mu yi?

AMSA: 'Yata ki bar duk abin da kike yi ki tafi wannan satin. Ina faɗa miki haka ne saboda abin da ya same ni. Malamina da ya koya min solfa yana da wani ƙaramin ogan irin mai feda biyu da ake takawa don iska, ɓera ya ci fatar ciki har ya liƙe ta da ƙyalle da danƙo, in yana kaɗawa kana jin numfashin abin kamar na tsoho mai hawa tudu, ƙafafunshi suna aiki bakinshi yana ba alto layinsu idonshi kuma yana kan 'yan bes don ya san su ne masu saurin gudu. Waƙoƙinshi duk suna cikin littattafan rubutu irin na 'yan firamare guda shida, da jan biro ya ja layi ƙarƙashin ayar da ya ɗauko kowace waƙa. Kullum ina cewa zan je in kwafe, aiki ya hana, yau gobe yau gobe. Bayan rasuwarshi da muka buɗe akwatin ƙarfen, gara ta shiga ta ƙasan da ya yi tsatsa, huɗu sun zama ƙasa, biyun da suka rage ma rabin shafukan ne. Na zauna a ƙofar ɗakin na yi kuka. Waɗanda muka ceto sai da muka bi tsofaffin 'yan kwaya gida-gida, wannan ta tuna sufurano, wancan ya tuna bes, wasu baitocin har yau ba mu samo ba.

Ki caja wayarki ki ɗauki pawa bank, ki zaunar da shi da safe lokacin da muryarshi take da ƙarfi, wuri mara hayaniya, nesa da injin niƙa. Kafin kowace waƙa ya faɗi sunanshi da sunan waƙar, da lokacin da ya yi ta ko da a ce shekarar da aka gina coci ko shekarar fari, da abin da ya sa ya yi ta. Kada ki gyara mishi kalma ko da kin ji tsohuwar Hausa ce ko Sayancin da ku yara ba ku faɗa yanzu. In ya gaji ku tsaya, gobe ku ci gaba. Ki kira tsofaffin matan da suka yi kwaya da shi su zauna kusa, za ki ga wata tana fara amshi sai baitin da ya manta ya dawo mishi. Bayan nan ki tura sautin wa mutum uku aƙalla cikin dangi kada ya zauna a waya ɗaya, ki rubuta kalmomin a littafi, sannan ki nemi wanda ya iya solfa ya rubuta muryar. In baki samu ba a can, ki turo min ta hannun editan mujallar nan, ni da yarana na kwaya za mu zauna mu rubuta, mu mayar muku da sunan Kaka a saman kowane shafi.